Na taɓa kuɗin Zumunta, ina mayarwa a ɓoye: dole ne sai na faɗa?

Wata 'yar'uwa daga Jos ta aiko mini da doguwar wasiƙa, ta roƙi a sakaya sunanta da na ikkilisiyarsu. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Baba, ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a majami'armu shekara shida ke nan, sana'ata kuma sarin dankalin turawa daga Bokkos, ina sayarwa a kasuwar Farin Gada. A watan Maris aka yi wa ɗana tiyata cikin gaggawa, sai na ɗauki naira 150,000 daga kuɗin zumunta da ke hannuna, na ce wa mijina wata abokiyar kasuwa ce ta ranta mini. Da na kasa mayarwa, na ƙara ɗaukar 200,000 na sari dankali domin ribar ta cike gurbin, amma mota ta lalace a hanya, ruwa ya doki kayan, fiye da rabi ya ruɓe. A watan Yuni na gyara lissafi a littafi, na tsaya gaban mata na karanta rahoton da na san ba gaskiya ba ne, suka tafa mini. Tun daga nan ina mayarwa kaɗan-kaɗan a ɓoye, zuwa yanzu na mayar da 120,000. Na yi kuka na roƙi Allah gafara, amma na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu, na ce sai na gama biya. Aminiyata, wadda ita kaɗai ta sani, ta ce alherin Allah ya riga ya rufe, in yi shiru in cika kuɗin kafin rahoton Disamba. Idan na biya duka, dole ne sai na faɗa?"

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tun da amsa kika nema ba zan yi miki kewaye-kewaye ba. I, ya kamata ki faɗa, kuma ki faɗa tun kafin Disamba, tun ba ki gama biya ba. Ina zaton ke ma kin san haka, domin wadda ta gamsu da shawarar aminiyarta ba za ta zauna ta rubuta shafi uku ga wani tsoho da ba ta taɓa gani ba.

Bari mu raba abin da ya faru, domin a wasiƙarki kin haɗa shi duka kin kira shi bashi. Ɗaukar farko ta watan Maris laifi ce, tun da kuɗin amana ne kuma ba ki nemi izinin masu shi ba, amma duk uwar da ta taɓa tsayawa a bakin ɗakin tiyata ana ce mata sai an biya kafin a taɓa ɗanta za ta gane yadda hannunki ya kai ga wannan jaka. Ɗauka ta biyu ba ta da irin wannan uzuri. A lokacin yaron ya riga ya fita daga haɗari, abin da kike ƙoƙarin ceta shi ne sunanki, kuma kika sa kuɗin gwauraye da na matan da ke tara naira ɗari-ɗari cikin kasuwancin da ke kanki kin san yadda damina take yi masa. Sai kuma na uku, wanda kika wuce shi da jimla ɗaya alhali shi ne mafi nauyi: kin riƙe biro kin canza lamba, kin tsaya gaban matan da suka yarda da ke kin karanta musu ƙarya, kin kuma karɓi tafinsu. Naira 230,000 da ta rage za ta biya na farko da na biyu. Na ukun ba a biyan sa da kuɗi, domin abin da kika karɓa a hannun matan nan ranar ba kuɗi ba ne, yardarsu ce, kuma har yau suna ba ki ita a kan labarin da ba haka yake ba.

Wannan bambanci ba ni na ƙago shi ba. A Ayyukan Manzanni sura 5, sa'ad da Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da fili suka kawo wani kashi na kuɗin kamar shi ne duka, Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa filin nasa ne tun farko, kuɗin ma yana hannunsa ya yi yadda ya ga dama, laifin da ya kama shi da shi kuwa ƙarya ce, kuma ya ce ƙaryar ga Allah ya yi ta. Ban kawo wannan labari don in tsorata ki ba, domin su biyun ba su nuna nadama ba, Safiratu ma an tambaye ta ido da ido ta sake tabbatar da ƙaryar, ke kuwa ga ki kina neman hanyar fita. Na kawo shi ne domin ki ga cewa tun farkon ikkilisiya, lissafin da ake karantawa a gaban 'yan'uwa abu ne da ake yi a gaban Allah.

Yanzu sai maganar aminiyarki. Na yarda tana ƙaunarki, kuma rabin abin da ta faɗa gaskiya ne. Gafarar Allah ba ta jiran ki gama biya. Afisawa 2:8-9 ta koya mana cewa ta wurin alheri aka cece mu, kyauta ce daga Allah, ba sakamakon aikinmu ba, don kada wani ya yi fahariya, kuma 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawari cewa idan muka furta zunubanmu, Allah mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana Ya tsarkake mu. Idan da gaske kika kai masa wannan abu, ba ya riƙe da takardar bashi yana ƙirga abin da kika mayar kowane mako. Inda aminiyarki ta kauce shi ne da ta mai da alheri mayafin da za a lulluɓe littafin da shi. Titus 2:11-12 ya ce alherin nan da ya kawo ceto shi ne kuma yake horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah mu yi zaman gaskiya. Ki duba Zakka na Yariko a Luka sura 19. Yesu bai sa masa sharaɗi ba kafin Ya ce zai sauka a gidansa, alheri ne ya riga shiga gidan, sa'an nan Zakka ya miƙe tsaye a gaban mutane ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Da ya so, da sai ya aika bayinsa da dare su ajiye kuɗi a ƙofar gidajen mutane ba tare da kowa ya san daga ina ba. Bai yi haka ba, domin mutumin da ya tabbata an karɓe shi ya daina jin tsoron a san ko shi wane ne.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin ina ganin ke da aminiyarki, ko da yake kamar kun saɓa, kuskure ɗaya kuke yi. Ita ta ce ki yi shiru saboda alheri ya rufe. Ke kuma kin yanke wa kanki hukunci, kin hana kanki teburin Ubangiji har sai kin gama biya, wato kin mai da Jibin Ubangiji kamar kayan da aka ba da jingina, sai an cika kuɗi a karɓo. A duka biyun ke ce za ki gyara komai da hannunki, cikin duhu, ki fito a watan Disamba da sunanki fari tas kamar yadda yake a da, ba wanda ya taɓa ganin kin faɗi, ba wanda kika buƙaci ya yafe miki. Ki tambayi kanki abin da ya hana ki a watan Maris ki kira shugabar zumunta ki ce mata ɗana yana asibiti, ba ni da kuɗi. Ke kin fi ni sanin matan nan. Su ne masu ɗaukar kwanon abinci zuwa gadon asibiti, su ne masu kwana a gidan makoki, kuma da wuya su bar ɗan ma'ajiyarsu a wannan hali. Abin da ya hana ki shi ne nauyin a ce matar da ke riƙe wa kowa kuɗi yau ita ce ta zo roƙo. Wannan nauyin ne ya haifi ɗauka ta biyu, shi ya riƙe biron a watan Yuni, shi ne kuma yau yake raɗa miki cewa shiru ma wani nau'i ne na dogara ga Allah. Mutum yana iya rera waƙar alheri shekara talatin a majami'a alhali abin da ya jingina a kai shi ne yabon da mutane ke yi masa, kuma ba ya gane haka sai ranar da aka ce ya ajiye yabon.

Zan ba ki labarin kaina, ko da yake kuɗin da ke ciki zai ba ki dariya. A shekarun 1980, ina saurayi, ni ne sakataren zumuntar matasa a majami'armu, aka ba ni kuɗi in ɗauko shatar mota zuwa wani taro. Direban ya rage mini naira 15, lokacin naira tana naira, na sa a aljihu na ce ladan wahalata ne, na gaya wa dattijon da ke riƙe mana littafi cewa an biya duka. Bayan 'yan watanni abin ya dame ni, sai na jefa naira 20 a baiko, wato kyautar da ake tarawa a lokacin sujada, na ce na biya har da riba. Ban sami sauƙi ba. Duk ranar da mai wa'azi ya ambaci amana sai in ji kamar ni yake kallo, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Sai da na yi kusan shekara biyu kafin na je shagon dattijon, tela ne, na same shi yana kan keke. Da na gama magana ya ɗauke ƙafarsa daga keken, ya cire tabarau, ya yi shiru har na fara zufa, sa'an nan ya ce in miƙo masa littafin daga kan kanta. Ya nemo shafin, ya ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda har yanzu ana iya karanta ta, ya rubuta ta gaskiya a gefe, ya ba ni biro na sa hannu, ya yi mini addu'a. Ya kuma hana ni taɓa kuɗin zumunta na wani lokaci, abin ya yi mini zafi ƙwarai. Amma a daren nan na yi barcin da naira 20 ta kasa saya mini.

Wannan abu da ke hana ki barci shi ne Littafi Mai Tsarki yake kira lamiri, kuma ki gode wa Allah da naki yana da rai, domin 1 Timoti 4:2 ta yi maganar mutanen da lamirinsu ya ƙone har ya daina ji. Zabura 32 ta kwatanta halin da kike ciki daidai: mai zaburar ya ce sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace saboda nishi dukan yini, ƙarfinsa ya bushe kamar a zafin bazara, sai da ya bayyana laifinsa ya daina ɓoyewa sa'an nan ya sami gafara. Sai dai ki san iyakar lamiri. Shaida ne, yana nuna inda ciwo yake, amma ba shi da magani a hannunsa, kuma idan aka bar mutum shi kaɗai da shi yana iya kai shi ga halaka. Yahuza Iskariyoti ya mayar da azurfa talatin ɗin nan duka, bai rage ko ɗaya ba, har ya ce ya yi zunubi, amma ya tafi da nauyinsa shi kaɗai. Bitrus kuwa ba shi da abin da zai mayar, ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna cikin 'yan'uwa har ranar da Yesu ya same shi a bakin teku ya sake damƙa masa aiki. Ibraniyawa 9:14 ta ce jinin Almasihu ne yake tsarkake lamiri. Saboda haka kada ki je furta laifin nan da tunanin cewa kunyar da za ki sha ita ce kuɗin fansarki. An riga an biya wannan, za ki je ne a matsayin wadda aka yafe wa, domin ki mayar wa 'yan'uwanki gaskiyar da take hakkinsu.

Game da yadda za ki yi, ki fara da maigidanki, a wannan mako. Shi ma an gaya masa abin da ba haka yake ba, kuma bai kamata ya ji labarin matarsa a bakin mutanen waje ba. Zai iya yin fushi, ki bar shi ya yi, kada ki kare kanki da cewa don ɗansa kika yi, domin ya san haka, kuma wannan bai shafi dankalin ba. Bayan haka ki nemi ganin shugabar zumunta tare da fasto ko matarsa, ki tafi da maigidanki in ya yarda. Ki ɗauki littafin yadda yake, kada ki yage shafi, kada ki sake kwafe shi a sabon littafi. Ki rubuta a takarda dabam ranar da kika ɗauki kowane kuɗi, da abin da kika mayar, da abin da ya rage, da adadin da za ki iya biya kowane wata ba tare da kin sake yin alkawarin da ya fi ƙarfinki ba. Ki faɗi maganar rahoton Yuni da bakinki tun ba a tambaye ki ba, domin shi ne abin da zuciya za ta so ta tsallake. Sa'an nan ki ajiye muƙamin da kanki, ki miƙa sauran kuɗin da ke hannunki a ƙirga a gaban shaidu.

Ba na ce ki miƙe ranar Lahadi ki sanar da dukan ikkilisiya ba. Furci yana bin inda laifi ya kai, naki kuwa ya tsaya ga mijinki da zumunta. Amma tun da a gaban mata aka karanta rahoton, dole gyaransa ya kai gare su ta wata hanya, kuma shugabanni ne za su tsara yadda za a yi, ko ke za ki yi magana ko su za su yi a madadinki. Ina kuma gargaɗinki da babbar murya kada ki ci bashi mai ruwa, ko a hannun mutum ko ta manhajojin rance na waya, don ki cike gurbin kafin Disamba. Wannan ita ce dabarar dankali ta dawo da wata riga. Idan kina da zubin adashi da ke tafe, ko wani abin da za ki iya sayarwa ba tare da gidanki ya shiga yunwa ba, ki sa shi cikin tsarin biyan. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya yakan mayar da shi ya ƙara humushi, wato kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi a ranar da ya kawo hadayarsa. Ba a ɗora mana wannan ƙari a matsayin doka ba, ba na kuma so ki ɗora wa kanki, amma ki lura cewa mayarwar ana yin ta ne ga mai kayan, da saninsa.

Ba zan yi miki alkawarin cewa abin zai zo da sauƙi ba. Mai yiwuwa dattawa su sa ki a horo na wani lokaci, kamar yadda yawancin ikkilisiyoyinmu suke yi, kuma a cikin matan akwai waɗanda za su rungume ki, akwai kuma wadda za ta kai labarin kasuwa kafin rana ta faɗi. Ki shirya wa duka biyun. Abin da na sani shi ne akwai tazara mai nisa tsakanin matar da ta kawo littafi da hannunta da wadda aka gano, kuma lissafin da aka gyara sau ɗaya yakan nemi a sake gyara shi domin ƙarshen shekara ya yi daidai da tsakiyarta, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ko da kin cika kuɗin tsaf, rahoton Disamba zai zauna ne a kan na Yuni, wato za ki sake tsayawa ki karanta.

Maganar Jibin Ubangiji kuma ki ɗauke ta daga hannunki ki sa a hannun fastonki. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 idan mutum ya kawo baikonsa bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya bar baikon ya je ya shirya da shi tukuna, sa'an nan ya dawo ya miƙa. Abin da ke tsakaninki da teburin nan ke nan: tafiyar da za ki yi zuwa gidan shugabar zumunta, ba watannin da za ki ɗauka kina biya ba. In an sa ki a horo ki karɓa da tawali'u, in an ce ki matso ki ci kada ki ƙi don kina ganin ba ki cancanta ba, domin babu wanda ya taɓa zuwa wurin da cancantar kansa.

Akwai kuma kalma ɗaya da nake so ki isar wa shugabanninku idan ƙura ta lafa, domin su ma suna da nasu rabon a wannan al'amari. Bai dace a bar mace ɗaya da dubban ɗaruruwan naira a ɗakinta, ita ce mai karɓa, ita ce mai rubutawa, ita ce mai karanta rahoto, shekara shida ba wanda ya ce a kawo a ƙirga ba. Manzo Bulus kansa, da ake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya yi maganar wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa ya yi tafiya tare da su, ya ce suna yin haka ne don kada kowa ya zarge su, suna neman abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan Bulus bai ga ƙasƙanci a wannan ba, babu ma'ajin da zai ce an raina shi don an buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, ko don an ce mutum biyu su riƙa ƙirga baiko tare. Ya kuma kamata zumunta ta ware wani abu domin taimakon gaggawa, wanda kowace mace za ta iya nema a fili, har da mai riƙe da jakar.

Ki gaishe mini da yaron, Allah Ya ƙara masa lafiya. Aminiyarki kuma kada ki yi fushi da ita, ki gaya mata abin da kika yanke tun kafin ki tafi, ki roƙe ta ta yi miki addu'a a ranar. Idan kin je kin dawo, ki rubuto mini yadda kuka yi da maigidan.